Kashi Nawa, Cikin Mutum Nawa? Labarin Horona Na Sanin Makamar Aiki

Ina shekarar ƙarshe a karatun kimiyyar kwamfuta aka tura ni horon sanin makamar aiki a wata cibiya mai gudanar da binciken jin ra'ayin jama'a. Aikin cibiyar shi ne ta aika ma'aikata gida-gida da wayoyi a hannu, su yi wa mutane tambayoyi kan yadda suke samun ruwan sha da kiwon lafiya da karatun yara, sannan a tattara amsoshin a miƙa wa hukumomi da ƙungiyoyin da suka ba da aikin. Na je da zaton cewa shigar da bayanai za a ba ni, kamar yadda aka saba yi wa ɗalibai, amma sai mai kula da ni, wanda shi ne shugaban sashen bayanai, ya ce abin da yake so shi ne in gina shafin rahoto guda wanda duk ma'aikacin cibiyar zai iya buɗewa ya ga sakamakon bincike da kansa, ba tare da ya jira kowa ba. Ina ba da wannan labari ne saboda ɗaliban da za su samu kansu a irin wannan aiki, domin ɓangaren da ya fi cin lokacina da tunanina ba ya cikin abin da aka koya mana a aji.

Kafin zuwana, duk mai neman wani adadi sai ya bi ta hannun mutum ɗaya, wato masanin ƙididdiga na cibiyar. Dattijo ne mai haƙuri da taka-tsantsan, kowa yana kiransa Malam. Jami'ar shirye-shirye za ta leƙo ta ce tana son sanin kashi nawa na mata ne suka ce asibiti ya yi musu nisa, shi kuma ya rubuta a takarda ya ce ta dawo gobe. Idan ta dawo ta karɓi adadin, nan take wata tambayar za ta taso: to a karkara fa? To idan aka kwatanta da bara fa? Haka buƙatu suke taruwa a teburinsa har ainihin aikinsa na nazari ya tsaya. Akwai babban fayil na Excel da aka ajiye domin kowa, mai ginshiƙai ɗaruruwa, amma babu mai buɗe shi sai dole ta sa, kuma wanda ya buɗe sau da yawa yakan fito da adadin da ya saɓa wa na Malam, daga nan a shiga musun wane ne daidai.

Umarnin farko da mai kula da ni ya ba ni ya zo mini da mamaki. Ya ce, "Kada ki rubuta ko layi ɗaya na manhaja tukuna. Je ki zauna kusa da waɗanda za su yi amfani da abin ki ga yadda suke aiki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Haka na ɗauki littafi na riƙa bin ofisoshi ina zama a gefe. Ba na mance wata jami'a da take shirya rahoton wata-wata. Ta buɗe fayil ɗin nan, ta ɗauki rula ta ɗora a kan allon kwamfuta domin kada idonta ya zame daga layin da take bi, tana ƙirga amsoshi da bakin alƙalami, tana rubuta jimla a gefen takarda, sannan ta ɗauko waya ta raba domin ta fitar da kaso. Da na tambaye ta me ya sa ba ta bar Excel ya ƙirga mata ba, sai ta ce ta taɓa yin haka ya ba ta adadin da aka yi mata faɗa a kansa, tun daga ranar ta fi yarda da idonta. Mace ce mai ilimi da ƙwarewa a fanninta. Kayan aikin ne aka ƙera shi ba tare da an yi tunaninta ba.

Daga wannan zama na fahimci cewa mutum iri uku ne za su buɗe shafin. Akwai shugabanni, waɗanda ke son adadi biyu ko uku kafin su shiga taro. Akwai jami'an shirye-shirye, waɗanda ke son su rarraba amsoshi bisa yanki da jinsi da shekaru su saka a rahoto. Akwai kuma masu lura da ma'aikatan da ke fita tattara bayanai, waɗanda damuwarsu ita ce gida nawa aka kammala da kuma inda aka bar giɓi. Na kuma lura cewa kusan duk tambayoyin da ake kai wa Malam siffarsu ɗaya ce: kashi nawa ne suka faɗi kaza, a cikin wane rukuni, idan aka kwatanta da wa. Wannan siffa ita ce ta zama ƙashin bayan shafin gaba ɗaya.

Sai dai kafin a kai ga zane, dole aka bi ta kan bayanan kansu. Cibiyar tana amfani da KoboToolbox wajen tattara amsoshi, kuma idan aka sauke su daga can da sunayen da aka ba tambayoyi a cikin tsarin, abin da ake gani a kan ginshiƙai shi ne gajerun lambobi irin su q14b, amsoshin kuma 1 ko 2 ko 3. Ma'anar kowace lamba tana cikin fayil ɗin da aka tsara takardar tambayoyin da shi, wanda yake da shafi ɗaya na tambayoyi da wani na zaɓuɓɓukan amsa. Shawarar da na fi jin daɗinta a duk aikin ita ce na sa manhajar ta riƙa ɗauko cikakkiyar tambaya da sunan kowace amsa kai tsaye daga wannan fayil, maimakon in zauna in sake rubuta su da hannu. Ta haka mai karatu yana ganin tambayar da kalmomin da aka yi wa mutane ita, kuma idan aka gyara takardar tambayoyi a zagaye na gaba, shafin zai bi gyaran da kansa.

A nan ne kuma na gane abin da ya sa aka yi wa waccan jami'a faɗa. A takardar tambayoyin, 98 tana nufin wanda aka tambaya ya ce bai sani ba, 99 kuma ya ƙi amsawa. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Idan aka ce ta fitar da matsakaicin adadin yaran da ke cikin gida, za ta ɗauki gidan da ya ƙi amsawa a matsayin mai yara 99, ta haɗa da sauran, ta fito da adadin da babu mai hankalin da zai yarda da shi. Akwai kuma tambayoyin da ake tsallakewa: wanda ya ce bai je asibiti ba a watannin da suka wuce, ba za a tambaye shi yadda aka karɓe shi a can ba, saboda haka gurbinsa fanko ne, kuma wannan fanko ba ɗaya yake da ƙin amsawa ba. Sannan akwai tambayoyin da mutum zai iya zaɓar amsa fiye da ɗaya, inda jimlar kason takan wuce 100, abin da ke sa wanda bai sani ba ya zaci an yi kuskure. Kowanne daga cikin waɗannan yana komawa ga tambaya guda, wato da wane adadi za a raba. Idan aka ce kashi 40 sun koka da tsawon jira a asibiti, kashi 40 na duk waɗanda aka tambaya ake nufi, ko na waɗanda suka je asibitin kawai? Tazarar da ke tsakanin biyun tana iya sauya shawarar da hukuma za ta yanke. Mun zauna da Malam mun bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin rukunin da ya dace a raba da shi ina rubutawa, kuma na sa wannan bayani ya riƙa fitowa a ƙarƙashin kowane take da jimla ɗaya gajeriya, kamar "daga cikin waɗanda suka je asibiti".

Wajen zaɓen kayan gini ba mu daɗe ba. Ana iya yin irin wannan shafi da Power BI ko Tableau, amma Malam yana yin lissafinsa ne da R, wani harshen kwamfuta na ƙididdiga, har da nauyin da ake ɗora wa kowace amsa domin samfurin ya yi daidai da yawan jama'a, tun da akwai ƙananan yankunan da aka ɗebi gidaje daga cikinsu fiye da kasonsu. Sai muka zaɓi Shiny, wanda ake gina shafi da shi a kan R, domin shafin ya yi amfani da lissafin Malam ɗin kansa. Amfanin wannan ya fito daga baya: ba a taɓa samun ranar da adadin shafin ya saɓa wa adadin da ke cikin rahoton cibiyar ba.

Zanen farko a takarda na yi shi da fensir. Na bi wata ƙa'ida da masani Ben Shneiderman ya shimfiɗa a 1996, cewa a fara nuna wa mutum hoton abu gaba ɗaya, sannan a ba shi damar matsowa da tacewa, cikakken bayani kuma sai ya nema. Saboda haka allon farko ya ɗauki muhimman adadi kaɗan da shugabanni suka fi tambaya, da yawan gidajen da aka ziyarta, da ranar da aka sabunta bayanan. A gefe akwai jerin batutuwa, ruwa da lafiya da ilimi, waɗanda aka tsara bisa yadda ma'aikata suke kiransu a baki, ba bisa lambar tambaya ba. Na kai takardun nan wa mutum biyar, bisa shawarar Jakob Nielsen da ya wallafa a 2000 cewa gwaji da mutum biyar yana tono kimanin kashi 85 na matsalolin amfani. Ba na tambayar su ko abin ya yi kyau, domin kowa zai ce ya yi kyau don kada ya karya wa ɗaliba gwiwa. Aiki nake ba su: nemo mini kason matan karkara da suka ce ruwa yana yanke musu. Sai in yi shiru ina kallon inda yatsansu zai nufa. Yin shirun ya fi komai wuya, musamman idan mutum yana lalube kuma maɓallin yana gaban idonsa, amma duk wurin da aka yi lalube, wurin ne yake bukatar gyara.

Gwajin ya nuna wani abu da ban taɓa karantawa a littafi ba. Mutum zai tace bayanai zuwa yanki ɗaya, ya duba, ya wuce wani batu, ya manta cewa tacewar tana nan, ya riƙa karanta adadin yanki ɗaya a matsayin na duka. Maganin da na yi shi ne na sa taken kowane zane ya riƙa faɗin abin da aka zaɓa da cikakkun kalmomi, na kuma ajiye maɓalli guda babba mai mayar da komai farko, wanda yake nan a wuri ɗaya a kowane allo.

Batun zane-zane ya jawo ɗan ja-in-ja, domin shugabanni suna son zanen da'ira da ake yankawa gida-gida, suna ganin ya fi ƙawata rahoto. Ni kuma na tsaya a kan zanen sanduna, kuma ina da hujja: binciken William Cleveland da Robert McGill na 1984 ya nuna cewa idon mutum ya fi iya kwatanta abubuwan da aka jera a kan ma'auni ɗaya fiye da kwatanta kusurwoyi. Maimakon dogon bayani, na buga adadi iri ɗaya a siffa biyu na ajiye a gabansu, na ce su nuna mini wanne ya fi girma tsakanin yanka biyu da suke kusa da juna. A da'ira sai da suka karkata kai suna ƙanƙance ido, a sanduna kuwa nan take suka nuna. Na kwantar da sandunan a kwance domin dogayen amsoshi su samu wurin rubutu, na jera su daga babba zuwa ƙarami, sai fa tambayoyin ma'aunin gamsuwa mai mataki biyar, irin wanda Rensis Likert ya fito da shi a 1932, waɗanda dole a bar su a jerinsu na asali daga rashin gamsuwa ƙwarai zuwa gamsuwa ƙwarai. Ja da kore da aka saba amfani da su na ajiye su gefe, saboda a wasu al'ummomi kusan namiji ɗaya cikin 12 ba ya bambance su da kyau, na koma shuɗi da ruwan lemo, na bar masu tsaka-tsaki da ruwan toka. Na kuma kiyaye ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, da ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, wanda ya yi amfani ƙwarai da aka fara haska shafin a bangon ɗakin taro mai yawan haske.

Ranar da aka nuna wa shugaban cibiyar shafin da yake aiki, abin ya burge shi har ya karɓi linzamin kwamfutar daga hannuna. Ya zaɓi tambayar gamsuwa da asibiti, ya tace zuwa yanki ɗaya, ya ƙara mata kawai, ya ƙara waɗanda suka haura shekara 60, ya ƙara masu larurar nakasa. Sandar ta miƙe ta nuna kashi 75 ba su gamsu ba. Ya ɗauko wayarsa zai ɗauki hoton allon, yana cewa wannan ai abin da za a kai gaban masu ba da tallafi ne. Sai Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, mutum nawa ne?" Adadin yana nan a rubuce a ƙasan zanen da ƙananan haruffa, sai dai babu wanda idonsa ya kai wurin. Mutum 8 ne, 6 daga cikinsu suka ce ba su gamsu ba. Da mace ɗaya ta sauya amsarta, da kason ya sauko zuwa 62.5.

Daga nan aka shiga muhawarar da ta fi kowace tsawo a zamana a cibiyar. Malam ya ce a cire tacewar gaba ɗaya, a bar yanki da jinsi kawai, domin a ganinsa an ba mutane damar ƙirƙirar adadin da bayanan ba za su iya ɗauka ba, kuma sunan cibiyar ne zai ɓaci idan irin wannan ya fita. Shugaba ya ce abu mai sauƙi ya nema, idan aka cika shi da gargaɗi da ƙulle-ƙulle to an koma gidan jiya, kowa zai sake yin layi a ƙofar Malam. Kowannensu yana da gaskiya, ni kuma ɗaliba ce a tsakanin manya biyu. Abin da na yi imani da shi a lokacin, kuma har yanzu ban sauya ba, shi ne shafin da yake sauƙaƙa wa mutum fitar da adadin da zai kunyata shi a gaban jama'a bai yi masa hidima ba, ko da kuwa da dannawa biyu ya same shi. Amma ƙulle ƙofa ma ba mafita ba ce, domin jami'an za su koma wancan babban fayil su yi lissafin da rula, inda babu mai gargaɗinsu ko kaɗan.

Malam ne ya zaunar da ni ya fahimtar da ni lissafin a sauƙaƙe. Idan aka zaɓi mutum 1,000 ba tare da son rai ba, tazarar kuskuren kason da ke kusa da rabi takan kai maki 3 sama ko ƙasa. Idan mutum 100 ne, tazarar ta kusa maki 10. Idan 25 ne, ta kusa maki 20. A binciken da ake ɗibar gidaje unguwa-unguwa kuwa, tazarar takan fi haka faɗi, saboda maƙwabta sukan yi kama da juna a amsoshinsu. Shi ne kuma ya nuna mini yadda shirin binciken jama'a da lafiya na DHS, wanda aka fara a 1984 aka kuma gudanar a ƙasashe da dama, yake yi a rahotanninsa: kason da ya fito daga mutum 25 zuwa 49 ana saka shi cikin baka, wanda ya fito daga ƙasa da mutum 25 kuwa ba a buga shi, sai a saka alamar tauraro a gurbinsa. Da na ga haka na ce masa, "Malam, ai wannan shafin zai iya yi da kansa." Na kai wa shugaba shawarar tare da kwafin wani jadawali na DHS, kuma ganin cewa ba ƙa'idar da ɗaliba ta ƙirƙiro ba ce ya sa ya amince.

Aiwatar da ita ya bukaci fiye da kwafar ƙa'ida, domin mai karanta rahoton DHS ya san ma'anar baka da tauraro, jami'anmu kuwa za su zaci shafin ne ya lalace. Na ɗauke yawan waɗanda suka amsa daga ƙasan zane na kai shi kusa da kason, da haruffa masu girma ɗaya, ta yadda ido ba zai ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ba. Idan mutanen suna tsakanin 25 da 49, sandar takan dushe, a rubuta a gefenta cewa a yi hattara. Idan ba su kai 25 ba, sandar ba ta fitowa, sai rubutu ya maye gurbinta: "Mutum 8 ne kawai suka amsa a rukunin da aka zaɓa, ba su isa a fitar da kaso ba. A cire ɗaya daga cikin sharuɗɗan tacewa." A ƙarƙashinsa akwai maɓallin da ke cire sharaɗin ƙarshe. Na daɗe a kan kalmomin wannan saƙo, domin ba na so ya yi kama da tsawa, kuma ina so ya nuna wa mutum abin da zai yi na gaba. Na kuma sa kowane zaɓi a jerin tacewa ya nuna yawan mutanen da za su rage tun kafin a danna shi, saboda mutum ya ga adadin yana raguwa ya tsaya da kansa. Kibiyoyin da ke nuna hawa ko sauka tsakanin zagaye biyu na bincike kuwa, na hana su fitowa sai bambancin ya wuce abin da tazarar kuskure za ta iya haifarwa. Wannan ya rage kibiyoyin da ke allon ƙwarai, kuma wasu ba su ji daɗi ba, domin hawan maki biyu abu ne mai daɗin faɗa a taro.

Ƙa'idar nan ta toshe wata kafa ta biyu da ban fara hangowa ba sai da Malam ya ja hankalina. Mutanen da aka yi wa tambayoyi an yi musu alƙawarin sirri. Idan za a iya tacewa har a kai ga mace ɗaya mai shekaru kaza a ƙauye kaza, to cire sunanta daga fayil bai kare ta ba, duk wanda ya san wurin zai gane ta, har da ma'aikacin asibitin da ta koka a kansa. Binciken Latanya Sweeney na 2000 ya kiyasta cewa lambar yankin gidan waya da jinsi da ranar haihuwa kaɗai sun isa a ware kashi 87 na mutanen Amurka ɗaya-ɗaya. Saboda haka muka mayar da shekaru rukuni-rukuni, muka tsayar da tacewar wuri a matakin yanki, muka kuma bar amsoshin da mutane suka faɗa da bakinsu a wajen shafin, tun da a cikinsu ake samun sunayen mutane da na wurare.

Sauran aikin na saurin buɗewa ne da fitar da sakamako. Da farko kowace dannawa tana sa a sake lissafi daga tushe, kuma ga wanda intanet ɗinsa ke da rauni jiran yakan wuce daƙiƙa 10, wanda shi ne iyakar da masana suka daɗe da cewa hankalin mutum yakan bar abin da yake yi. Na sa a riƙa yin lissafin haɗe-haɗen da aka fi nema da dare a ajiye, da safe shafin ya ɗauko kawai. Fitarwa kuwa ta fi muhimmanci fiye da yadda na zata, domin yawancin waɗanda za su ga adadin ba a shafin za su gan shi ba, a rahoto ne ko a hoton da aka tura musu ta waya. Don haka duk hoton da aka sauke yana fita da tambayar, da rukunin da aka zaɓa, da yawan waɗanda suka amsa, da ranar bayanan, duka a jikin hoton yadda ba za su rabu da shi ba. Na gwada buga su da firinta mai baƙi da fari kawai, na gyara launukan da suka haɗe. Fayil ɗin Excel da ake saukewa ma sai da na kula da shi, domin Excel yana da halin mayar da rukuni irin 1-2 ya zama kwanan wata, yana kuma cinye sifilin da ke farkon lambobin yankuna.

Da lokacin tafiyata ya matso, mai kula da ni ya ce aikin bai kammala ba sai wani ya iya riƙe shi ba tare da ni ba. Na rubuta bayanin yadda ake saka sabon zagayen bayanai, na ba wani ma'aikacin sashen ya bi shi mataki-mataki ina kallo ba na magana, kamar yadda na yi a gwajin farko, duk inda ya tsaya na sake rubuta wurin. Jami'ar nan mai rula ita ce ta fi kowa amfani da shafin, kuma ita ce ta gano cewa sunan wani yanki ya fito iri biyu saboda bambancin rubutu a zagaye biyu, muka haɗe su. Mutane ba su daina zuwa wurin Malam ba, sai dai abin da suke kawowa ya sauya: suna zuwa da zane a hannu suna tambayar dalilin da ya sa yanki kaza ya bambanta da maƙwabcinsa, wanda shi ne irin aikin da aka ɗauke shi ya yi.

Akwai buƙata ɗaya ta shugaba da na bari ban yi ba. Yana son layi guda da zai nuna yadda matsalar nisan asibiti ta sauya a tsawon zagayen binciken. Amma a zagayen farko an tambayi mutane ko asibiti ya yi musu nisa, su ce e ko a'a, a na baya kuma an tambaye su minti nawa suke yi kafin su isa. Na nuna sakamakon biyu a zane dabam-dabam, kowanne da tambayarsa a samansa, na rubuta a takardar miƙa aiki cewa haɗa su zai yiwu ne kawai idan aka yi tambayoyin biyu tare a zagaye mai zuwa, domin a ga yadda amsar ɗaya take dacewa da ta ɗayar. Malam ya sa hannu a ƙarƙashin wannan shawara, aka miƙa ta ga kwamitin da ke tsara takardar tambayoyi.